Malam Halliru, Mai Karanta Bayan Cokali

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin safe a titin Wilmslow da ke Manchester ya san wani dattijo dogo siriri, mai hular kube a kan baƙar kwat, wanda yake zama ta wajen taga ya ɗora jakar fata a cinya ya dafe ta da hannu biyu. Ba ya duba jarida, ba ya latsa waya. In ka yi masa sallama zai amsa, har ya tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in kuwa ba ka yi ba, ba zai takura maka ba. Wannan shi ne Malam Halliru Maƙera. Yaranmu na makarantar Asabar Baba Cokali suke ce masa, shi kuma yana amsawa.

Inda yake sauka wani ɗan shago ne irin waɗanda ake kai wa kayan sadaka, a sayar, a tallafi wani gidan jinyar marasa lafiyar da likita ya fid da rai da su. Shi ba a gaban shago yake zama ba. Can baya akwai wani ɗaki marar taga, da tebur ɗaya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalaye jere har rufi. Yawancin kwalayen daga gidajen mamata suke fitowa. In tsoho ya rasu, 'ya'yansa suka ɗebi abin da suke so, sauran tarkacen kicin sai a juye a kwali a turo nan: cokula, da masu yatsu, da ludaya, da butocin shayi, da farantan da suka yi baƙi ƙirin don daɗewa ba a taɓa su ba. Malam Halliru sai ya rataye kwat, ya yi bismilla, ya ɗauki na farko ya juya bayansa.

Turawan ƙasar nan suna da wata tsohuwar ƙa'ida. Abin azurfa ba ya shiga kasuwa sai an gwada shi an buga masa ƙananan tambura a baya, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba. Ɗaya zaki ne yana tafiya ya ɗaga ƙafa, shi ke shaida cewa azurfa ce ta gaske. Ɗaya na garin da aka yi gwajin ne; na Birmingham ƙugiyar nan ce da ake tsayar da jirgin ruwa da ita. Sai harafi guda mai nuna shekara. Sai kuma wanda Malam ya fi damuwa da shi, wato harufan farko na sunan maƙerin. Aikinsa shi ne ya karanta su, ya raba azurfa da abin da aka yi wa ruwan azurfa kawai, don kada shago ya sayar da doki a farashin jaki, ko jaki a farashin doki.

Ba a sama ya tsinci wannan ido ba. Ɗan maƙeran fari ne daga cikin birnin Kano, a gindin uwar maƙera ya yi rarrafe, yana kallon mahaifinsa yana ƙera mundaye da zobba. Karatun sanin ƙarafa ne ya kawo shi Birmingham yana saurayi. Tallafin karatun ya yanke a tsakiyar hanya, sai ya shiga unguwar maƙeran garin ya nemi aikin gyaran tsofaffin kayan azurfa, a nan ya yi rabin rayuwarsa tare da matarsa Zinatu. Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan ta rasu gidan ya yi masa faɗi, sai ya dawo Manchester ya kama aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi. Da aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu da wuraren shan shayin tsofaffi, gurbinsa na cikin na farko da aka soke. Bai kai ƙara wurin kowa ba. Sati na zagayowa ya je shagon nan ya ce yana da ido, yana da lokaci, ba kuma ya neman ko kwabo.

Masu aiki da shi sun shaide shi da abu biyu. Na farko, ba ya goge abu kafin ya karanta shi. Yakan ce baƙin da ke kan azurfa ba datti ba ne, shi ke cika ramin tambari ya fito da shi, wanda ya fara da goga kuwa ya share wasiƙa kafin ya karanta. Na biyu, a shekarun da azurfa ta yi tsada, masu narkarwa suna zagayen shaguna suna kwashe karyayyun cokula, Malam ba ya barin ko ɗaya ya shiga buhunsu sai ya faɗi harufan maƙerinsa da garinsa da shekararsa a fili, shi kaɗai a ɗakin. Wata ma'aikaciyar shagon ta taɓa leƙowa ta tambaye shi da wa yake magana. Ya ce, "Da mai kayan. Mutum ne ya zauna ya yi wannan, bayansa ya yi ciwo. A kira sunansa sau ɗaya kafin a sa a wuta."

Mu ma mun ci moriyarsa. Ɗalibai nawa ne suka kawo masa tire ko butar da suka saya a kasuwar Lahadi don kayan jeren ƙanwa a gida, ya duba ya faɗa musu gaskiya cikin lallashi? Ba ya cewa an cuce ka. Sai ya ce, "Ruwan azurfa ne, amma mai kyau ne. A zuba shayi a sha, abin da aka yi shi dominsa ke nan."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani cokali ne guda ɗaya.

A unguwar Moss Side, a jerin gidajen nan masu manne da juna, akwai Hajiya Batulu, Bazazzagiya, matar wani akanta. Katanga ɗaya ce tsakaninta da wani tsoho ɗan asalin Jamaika mai suna Gamaliel Pinnock, wanda yake zaune shi kaɗai tun kafin su tare a layin. Ba mai zuwa wurinsa, ba ya zuwa wurin kowa. Hajiya Batulu ba ta iya sauke tukunya maƙwabci na jin ƙamshi, don haka shekara da shekaru kular abinci na tsallaka wannan katanga. In ta shiga karɓar kular sai ta haɗa da wanke masa 'yan kwanukansa. Wata safiya cikin hunturu ta ga kular jiya na nan a bakin ƙofa ba a taɓa ba. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Da aka buɗe aka same shi a kujerarsa, rai ya yi halinsa.

Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma da ke kula da irin waɗannan mamata ta zo ta bincika gidan ciki da bai. Yarinya ce mai kirki, aikin mutum da yawa take yi ita kaɗai. Ba ta samu adireshin kowa ba, ba hoto, ba lambar waya. Ta shaida wa Hajiya cewa in ba a samu dangi ba kafin ƙarshen wata, hukuma za ta binne shi da sassafe a kabarin haɗaka, ba dutse, ba suna. Hajiya ta koma gida ta kasa cin abinci. Tana kwashe kwanuka sai ga cokalin tsohon a cikin kwandon wanke-wankenta, ashe ya biyo wata kular tun kwanakin baya. Ta gaya wa ma'aikaciyar, ita kuma ta ce ta riƙe tukuna. Washegari ta naɗe shi a hankici ta nufi shagon.

"Salamu alaikum. Ina bawan nan nawa Bakano? An ce a kogo kake aiki, ashe da gaske ne."

"Wa alaikumus salam. Yau Zage-zagi sun fito gari, Allah ya sa lafiya. Hajiya, ga kujera, ki yi hankali da ƙafarta ɗaya, 'yar garinku ce, ba ta da tabbas."

Ba ta yi dariya ba, a nan ya gane da magana. Ta ba shi labari, ta kwance hankici. Cokalin na sheƙi kamar madubi. Malam ya juya bayansa, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya sa gilashinsa a ido.

"Hajiya, wa yake wanke wannan?"

"Ni mana. Da ka gan shi ranar da na fara shiga gidan! Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce wannan bawan Allah da wannan yake cin abinci? Ni gidanmu ba a ajiye baƙin cokali."

"Da me kike wankewa?"

"Soson ƙarfe da hoda. Duk sati sai na dirje shi."

"Shekara nawa?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta dubi fuskarsa, ta dubi cokalin. Inda tamburan suke ya zama sumul, sai ɗan alamun ramuka kamar sawun tsuntsu bayan ruwan sama. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Malam, na goge sunan mutane ko?"

"Kin yi abin da uwarki ta koya miki," in ji shi. "Kuma ba don ke ba, da cokalin ma bai iso nan ba. Bari mu gani ko kin rage mana wani abu."

Ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan tandun kwalli wanda fatarsa ta yi laushi don tsufa. Na Zinatu ne. Dabarar mahaifinsa ce: in zanen tsohon munduwa ya shafe, a hura masa huci, a shafa kwalli, a share da tafin hannu, baƙin sai ya maƙale a duk inda rami ya rage. Malam ya hura, ya ɗiga kwallin da ɗan yatsa kamar mai tsoron ya ƙare, ya share. Sannu a hankali ƙugiyar jirgi ta fito. Sai cinyar zaki. Sai harafin shekara, wanda ya ce masa 1976. Na maƙerin kuwa, harafin C ya fito da 'yar jela a ƙasansa, na biyun ya tafi, saura sanda ɗaya a tsaye.

Harafi ɗaya da rabi ba ya kai mutum ƙofar kowa. Amma Malam bai ajiye cokalin ba. Ya riƙe shi da dama kamar zai ci abinci, ya ji bai zauna ba. Ya mayar hagu, sai ya zauna daram. Wuyan a karkace yake da gangan, mariƙin kuma an yi shi da kauri.

"Bahago ne?"

"Kai, na yi faɗa har na gaji! In ce Baba Gama, abincina da hagu? Sai ya ɗaga mini hannun daman ya yi dariya. Yatsu biyu ne kawai a jiki. Bai taɓa faɗa mini abin da ya same shi ba."

"To ba a shago aka sayi wannan ba, Hajiya. Dubi sawun guduma, hannun ɗan koyo ne, bai gama ƙwarewa ba. Wanda ya ƙera shi ya san hannun mutumin nan, ya zauna ya auna shi. Ba a yi wa bare irin wannan wahala."

Tun rasuwar Zinatu, in ya je Birmingham maƙabarta ce kawai take kai shi, ya yi addu'a ya juyo. Unguwar maƙera, inda take kawo masa abincin rana, bai sake taka ta ba. Ranar hutunsa ta farko ya hau mota ya tafi. Ya tarar da gine-ginen na nan amma mutanen babu. Inda ya yi shekaru yana aiki an mayar da shi gidajen haya masu tsada, maƙerar da ke kusa ta koma wurin shan kofi. Ya yi ta hawa matakala yana ambaton sunayen da ba wanda ya sani. Wannan ya rasu, wancan ya koma wurin 'yarsa, wancan kuma ba ya gane kowa. Ya yi azahar a wani lungu a kan kwalin da ya shimfiɗa, ya komo Manchester da cokalinsa a aljihu.

Hajiya Batulu ta ce ya bari haka, ya yi iya yinsa. Ya ce saura hawa ɗaya bai yi ba, ƙafarsa ce ta gaza. Ya sake komawa.

A saman wani tsohon gini ya samu Tomas, mai sassaƙa rubutu a jikin ƙarfe, wanda tun a da can ma tsoho ake ce masa. Kunnensa ya yi nauyi, amma yana nan a kan bencinsa.

"Hari! Na ɗauka ka mutu!" in ji Tomas, da sunan da suke kiran Malam a da.

"Ni ma da na ga an bar fitila a kunne na ce mantuwa aka yi."

Tomas ya karɓi cokalin ya kai ido. "Wane azzalumi ne ya yi wa azurfa wannan aika-aika? Da bulo aka goge shi?"

"Wata baiwar Allah ce, da kyakkyawar niyya."

"Masu kyakkyawar niyya sun fi ɓarayi ɓarna." Ya ƙara matsar da shi kusa da fitila. "Wannan jelar tawa ce. Ba mai yi wa C jela haka sai ni. Ni na sassaƙa ƙarfen da aka buga wannan da shi."

Daga nan zance ya warware. Wata yarinya ce baƙar fata da take aikin goge kaya a injin ƙasan benen, tana zuwa ajin koyon ƙira da yamma, kullum tana waƙoƙin coci har a gaji da ita. Celestina. Ita ta samo wa wanta Gamaliel aiki a masana'antar cokula, bai daɗe ba injin matsa ƙarfe ya cinye masa hannu. Ta zo wurin Tomas ta ce ya yi mata tambarin kanta, akwai abin da take son ƙerawa. Daga baya ta yi aure, sunanta ya canza, shi ya sa neman Pinnock bai kai kowa gare ta ba. Tomas bai san gidanta ba. Abin da ya sani, a wata coci a unguwar Handsworth take waƙa.

Waɗanda suka fito daga cocin nan ranar Lahadi sun ga wani dattijo mai hular kube tsaye a bakin titi, ana yayyafi, yana gaishe da tsofaffin mata cikin ladabi yana tambayar wata Celestina da ta taɓa aikin azurfa. Ta farko ta wuce shi. Ta biyu ta ce ba a sayen komai yau. Ta uku ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Lafiya kake nemanta?" Ya ce, "Saƙon ɗan'uwanta ne." Matar ta ce, "Ba ta da ɗan'uwa." Ya ce, "Tana da shi har farkon watan nan."

A wani ɗan ɗaki a gidan tsofaffi aka kai shi. Celestina na zaune da bargo a ƙafa, ciwon ƙoda ya hana ta fita sai zuwa babban asibitin Edgbaston. Malam bai iya jera dogon bayani ba. Ya yi mata ta'aziyya yadda muke yi, a taƙaice, sannan ya sa mata cokalin a hannu. Ba ta ko dube shi ba, babban yatsanta ya tafi kai tsaye wurin karkatar wuyan.

Ta ce ranar da ta kai masa cokalin, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya ce ba ya son cokalin guragu, ta riƙe tausayinta tunda ita ta kai shi inda aka yanke shi. Da gari ya waye ya bar Birmingham. Ta rubuta, ba amsa, ta nema har ta haƙura. "Na ɗauka a rafi ya jefa shi," in ji ta. "Ashe a wani akwati ya wurga shi ya manta."

Malam ya ce ta ba shi cokalin. Ya kai shi wajen taga ya nuna mata bakinsa. Gefe ɗaya ya cinye, ya yi siriri kamar farce, ɗaya gefen na nan da kaurinsa.

"Ke ma'aikaciyar azurfa ce, kin fi ni sani. Goga ba ta cin gefe ɗaya ta bar ɗaya. Wannan faranti ne ya ci shi. Kullum, safe da yamma, da hannun hagu, shekara wajen arba'in. Maƙwabciyarsa ta ce ba ta taɓa ganin ya ci da wani ba."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba da aka faɗa mata mutuwar.

Ba a binne Gamaliel Pinnock a kabarin haɗaka ba. Ƙanwarsa ta zo a keken marasa lafiya, da mota cike da matan cocinsu, suka yi masa waƙa a bakin kabari har masu haƙa suka tsaya suna saurare. Malam Halliru na can gefe ƙarƙashin wata bishiya, hannu a bayansa, har aka gama. Hajiya Batulu ba ta je maƙabarta ba, kamar yadda matanmu ba sa zuwa, amma ta ɗora manyan tukwane, ta ce maƙwabcinta ba zai tafi ba a yi masa zaman makoki ba. Falonta ya cika da manyan hulunan matan coci. Da aka nuna mata Celestina ta durƙusa ta ce a yafe mata, ita ta goge sunan. Tsohuwar ta kama hannunta ta jujjuya, ta ce, "Shekara talatin ina goge azurfa da inji, ban taɓa ganin hannu irin naki ba. Da kin zo wurinmu da an sallami injin." Aka yi dariya har da masu hawaye. Sannan ta ce, "Kin ciyar da shi. Goge duk abin da kike so."

Ɗaya daga cikin likitocinmu, Dakta Falalu, shi ne ya mayar da Malam gida a motarsa ran nan, shi ya ba mu wannan. Ya ce sai da suka tsaya a ƙofar gidan Malam a unguwar Rusholme, tagoginsa duk duhu, sannan Malam ya ce, kamar da kansa yake yi, "Shi dai ya bar cokali. Ni ban san abin da za a juya a gidana a karanta ba." Ya yi godiya, ya fita, ya hau benensa.

A ƙarshen watan jiya shagon ya rufe, haya ta fi ƙarfinsa. Ko da bai rufe ba, idon Malam ya fara gajiya, ƙugiyar jirgi da zaki sun soma haɗe masa. Ranar ƙarshe ya karanta sauran kwalin da ke gabansa har ƙasa, ya kira sunayen, ya kashe fitila. Ba a yi taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba. Tandun Zinatu ma, in ji shi, in an girgiza yanzu ba a jin komai.

Malam Halliru, ɗan maƙera jikan maƙera, kai ne ka zauna a ɗaki marar taga kana kiran sunayen mutanen da ba su san ka ba. Kai ne ka ƙarar da kwallin matarka a kan cokulan bare. Kai ne ka hau matakalar da zuciyarka ba ta son hawa, ka tsaya a ruwa a ƙofar cocin da ba taka ba, don kada a tura wani tsoho rami ba mai cewa nawa ne. Ba addininku ɗaya ba, ba ƙasarku ɗaya ba, ko gaisawa ba ku taɓa yi ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya jiƙan Zinatu, ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muke karanta wannan, likitocinmu da injiniyoyinmu da ɗalibanmu, kowa na gudu tsakanin aiki da makarantar yara, mu tuna azurfa ba ta tsatsa, duhu kawai take yi in an daina taɓa ta. A kowane layi na garin nan akwai ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Mu yi koyi da Hajiya Batulu wajen kula, ban da soson ƙarfe. Mu yi koyi da Malam wajen tsayawa a duba kafin a zubar. Mu tambayi tsofaffinmu su wane ne nasu tun suna iya amsawa da bakinsu, kada mu bari sai an koma tambayar cokali.

Tambayar da ya yi a motar Dakta Falalu kuwa, mu ya kamata mu amsa ta, kuma ba da alƙalami ba. Yana gida kullum bayan la'asar. Ƙararrawar ƙofarsa ta daɗe da lalacewa, don haka ku ƙwanƙwasa da ƙarfi, sannan ku ɗan jira. Yana ji, saukowar ce take ɗaukarsa lokaci.